Ranar da Ara-Mini Ta Mayar wa Kowa Kayansa

Duk wanda ya taɓa buɗe shago a layin tsohon sito ya san takunta. Silifas ne da ya sha ɗinki, ƙafa ɗaya tana fas-fas, ɗayar tana jan ƙasa, sai murya ta riga mai ita isowa: "Maƙwabci, ara mini!" Gaisuwa kuwa sai ta rungumi abin da ta zo ɗauka take tunawa da ita, in ma ta tuna. Shi ya sa sunanta na gaskiya ya ɓace tun da daɗewa. Manya su ce Ara-Mini, yara su ce Inna Ara-Mini, mijinta ma in tsokana ta motsa masa haka yake kiranta, ita kuma ta amsa ko a jikinta.

Siton nan dogon gini ne mai rufin kwano, da can buhunan hatsi ake jibgewa a ciki. Da harkar ta mutu, mai shi, wani dattijo mai son dariya, ya ba wa 'yan wasan kwaikwayo haya a kan kuɗi 'yan kaɗan. Suka haɗa dandamali da katako, suka jera bencina, suka rataya labule. Asabar da Lahadi da yamma ake wasa. Lokacin layin ba shi da komai sai kwata da awaki, da jerin shagunan dattijon da ba mai son kamawa.

Nan ta fara zuwa tana yarinya ɗanya, ba ta daɗe da aure ba. Mijinta direban motar haya ne, kullum yana hanya, ita kuma zaman ɗaki ya ishe ta. Wasa take so ta yi, a gan ta, a tafa mata. Darakta, wani dogo siriri da ya ajiye koyarwa saboda wannan sana'a, ya ba ta magana guda ɗaya tak: ta shigo ta ce, "Maigida, baƙi sun iso." Ta yi ta maimaitawa a gaban murhu da bakin famfo, har mijin ya fara waiwayen ƙofa yana neman baƙin. Ranar wasa ta fito, ta ga kawuna sun cika sito, maganar ta gudu ta bar ta. Sai dariya ta kama ta. Ta yi ta ƙyaƙyatawa har ta durƙusa tana riƙe ciki, 'yan kallo suka taya ta, Darakta ya ja labule da hannunsa yana gumi.

"Ƙanwata," in ji shi daga baya, "Allah bai yi ki don dandamali ba. Amma tun da ba ki da kunyar mutane, je ki samo mana kujera. Wasa na gaba na wani tsoho ne da ya ƙi tashi daga kujerarsa, mu kuwa ko ta tsugunno ba mu da ita, kuɗin saye kuma kin san babu."

Maganar ta yi mata ciwo, don sai da ta yi kuka a bayan labule ranar. Amma ta share ido da bakin mayafi ta fita layi.

Can ƙarshen layin akwai wani kafinta saurayi a 'yar rumfa, da zarto ɗaya da guduma ɗaya, yana yin bencinan da ba mai tayawa. Abu guda yake taƙama da shi: wata kujera da ya yi wa kansa don sha'awa, mai lanƙwasasshen baya, hannuwanta kuma ya sassaƙa su da siffar kan agwagwa. A kanta yake wuni yana korar ƙuda.

"Tashi," ta ce masa.

"In tashi in je ina?"

"Ara mini kujerar nan. Litinin zan dawo maka da ita."

"Baiwar Allah, ko sunanki ban sani ba!"

"In ka tashi zan faɗa maka."

Ya miƙe don ya yi mata faɗa da kyau, ita kuwa ta sunkuci kujerar ta ɗora a ka ta yi gaba. Sunan dai har yau ba ta faɗa masa ba.

Tsohon cikin wasan ya manne a kujerar nan. Matarsa ta yi yaji yana kai, ɓarawo ya shigo yana kai, gobara ta tashi aka fitar da shi a sama shi da ita. Mutane suka yi dariya har da hawaye. Washegari wata mata da ta zo daga garin gaba ta bi layi tana tambaya har ta iso rumfar Kafinta. "Irin ta tsohon nan nake so in kai wa mahaifina," ta ce. Bayan ita wani ya zo, bayansa wasu. Kafinta ya nemo zarto na biyu, ya aika wa Ara-Mini cewa kada ta yi gaggawar dawo da kujerar, ta bar ta can mutane su ƙara gani.

Daga nan abin ya zama hanya. Duk lokacin da aka fara gwajin sabon wasa, Ara-Mini za ta zauna a bencin gaba ta ji labarin, sannan ta fita ta bi layi da ido. Rigar amarya wajen Tela, wata bazawara mai keken ɗinki ɗaya a bakin ƙofar gidansu. Fitilar ƙarfe wajen mai walda. Takalmin attajiri wajen baduku. Tabarma wajen matan ƙauye da ke kawowa ranar kasuwa. Ko allura ba ta taɓa saya ba, kuma ba ta taɓa tsallake layin ta yi aro a wani wuri ba. Mutanen layin suka gano abu ɗaya: abin da Ara-Mini ta ɗauka yau, shi za a zo nema wata mai zuwa. Saboda haka da ta fita da kaya, mai shagon zai hau yin irinsa da yawa ya ajiye. 'Yan kallo su fito daga sito idonsu cike da abin da suka gani, su watsu cikin shaguna. Wannan ta ce, "Irin rigar matar alƙalin nan." Wancan ya ce, "Irin fitilar da ɓarawon ya sata."

Kafin furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta, layin ya canja kama. An rufe kwatar, awaki sun rasa wurin kwanciya. Tela ta jera kekuna har ba a jin sallama a shagonta sai an ɗaga murya. Kafinta ya kama shagunan dattijon da ke jere, ya fasa bango ya haɗe su, ya sa gilashi, ya yi tumbi. Masu yankan katako a ƙauyukan bayan rafi suka san ranar da motarsa ke zuwa, masu saƙar tabarma suka sa 'ya'yansu makaranta da cinikin layin. Wani ya buɗe masauki don masu zuwa daga nesa. Mai shayi ya ƙara benci, mai aski ya koyi askin duk jarumin da ya fito, mai hoto ya zana bangon shagonsa irin na dandamali. Mijinta ma ya bar dogon zango ya koma jigilar 'yan kallo daga garuruwan kewaye, Asabar da Lahadi a tsaye yake cin abinci.

Ita fa? Ita tana nan da silifas ɗinta. Albashin sito bai taɓa yin kauri ba, amma da aka haɗa da na direba an rene 'ya'ya, an aurar da na aurarwa, saura Auta da ke karatun jinya. Ɗakinta na bayan dandamali shi ne duniyarta: ɗan ɗaki mai taga ɗaya, riguna rataye a igiya, huluna a kan ƙusoshi, tukwane cikin tukwane, warin kafur da tsohon katako. Yawancin kayan masu su ne da bakinsu suka ce, "Bar shi can, Inna, wata rana za a sake bukata." Kujerar agwagwa tana lungu an lulluɓe ta da zane, don duk shekara sai an maimaita wasan tsohon.

Ana nan sai dattijo mai sito ya rasu. Ɗansa, wanda kowa ke kira Magaji, ya dawo daga babban birni ya karɓi sito da shagunan layin gaba ɗaya. Wata safiya cikin damina ya shigo, ya tarar da ita tana jera bokitai a ƙarƙashin wuraren da rufi ke yoyo.

"Inna, sannu da aiki. Darakta yana nan?"

"Yana gida, ƙafa ta matsa masa. Faɗa mini, ni ce kunnensa."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya sauke. "Inna, a cinyar Baba na fara kallon wasa a nan, ban manta ba. Amma ki duba da idonki. Hayar da kuke biya ko ƙusar gyara ba za ta saya ba. Akwai mai sayar da tayoyin mota da zai kama wurin ya yi ma'ajiya, shi zai gyara rufi da kansa. Na ba ku zuwa ƙarshen shekara."

Bai faɗa da wulaƙanci ba, shi ya sa ma ta rasa ta inda za ta kama shi da faɗa. Ta bi shi da ido har ya fita, ruwa na ɗiga cikin bokiti. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba. In aka rufe sito, ita da Darakta da 'yan wasa ina za su dosa da tsufa? Amma ta ƙarfafa zuciya. Ai layin nan ba zai yarda ba, in ji ta a ranta. Ta gyara ɗaurin zane ta nufi wurin Kafinta, wanda yanzu shi ne shugaban 'yan layin.

Ta same shi a ofis ɗinsa bayan gilashi, fanka na juyawa, waya a hannu. Tela da mai walda suna zaune ana shan shayi. Ta zayyana musu komai, ta ce, "Ku tashi mu je wurin Magaji gaba ɗayanmu. In ya ga fuskokinku zai sake tunani."

Kafinta ya kurɓi shayi ya ajiye kofi a hankali. "Ara-Mini, zamani ya wuce nan. Ni yanzu ta waya ake nemana. Wasa daban, sana'a daban. Mu da guminmu muka kai inda muke."

"Ban ce ba ku yi gumi ba."

"Kuma in gaskiya za a faɗa, ai mu muka riƙe siton nan. Shekara da shekaru kina kwasar kayan mutane, ko sisi ba ki taɓa biya ba. Mun yi iya sadakar da za mu iya."

Sadaka! Ku ji mutum, don girman Allah. Wanda ta tarar yana korar ƙuda a rumfa, yau shi ke maganar sadaka. Tela ta sunkuyar da kai ta hau gyaran ɗankwalin da bai kwance ba, mai walda ya nutsa fuska cikin kofi. Ara-Mini ta juya ta fita.

Da mijin ya dawo gida ya tarar ba a ɗora tukunya ba, tana zaune a bakin gado da silifas a ƙafa.

"A'a, Ara-Mini, yau wa ya hana ki aro?"

Sai ta fashe da kuka. Ya zauna kusa da ita, ya bari ta gama, ya ji labarin daga farko har ƙarshe. Ya shafa gemu.

"To ai wannan mai sauƙi ne," in ji shi. "Wanda ya ce kin riƙe masa kaya, sai ki mayar masa da abinsa."

Ta ɗago kai ta dube shi. Hawayen ya tsaya cak.

"Baban Auta, motarka tana da aiki ranar Litinin?"

"Na san za a zo nan."

"Ara mini."

Ranar Litinin da hantsi, lokacin da layi ya cika, motar direba ta fito daga ƙofar sito maƙil da kaya. Shago shago suka bi. A kowace ƙofa Ara-Mini za ta tsaya, ta yi sallama, ta rusuna, ta yi gaisuwar da ba ta taɓa yi ba: an tashi lafiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya ƙafar tsohuwa. Sannan ta miƙa kaya da hannu biyu. "Ga fitilarka, na gode, Allah ya saka da alheri." Wallahi gaisuwar nan ta fi komai tayar wa mutane da hankali. Baduku ya karɓi takalman da ya manta ya taɓa ɗinkawa, ya tsaya baki buɗe. Tela ta ga tulin riguna an jibge mata a kan tebur, ta ce, "Haba Yaya."

Kujerar ce ta ƙarshe. Wannan ba ta yarda a sa a mota ba. A kanta ta ɗora, ta taka har shagon gilashi, ta dire ta a tsakiyar manyan kujerun kushin.

"Litinin na ce maka zan dawo da ita," ta ce wa Kafinta. "Yau Litinin."

Da Darakta ya ɗingiso ya leƙa ɗakin kaya ya ga bango da ƙusoshi kawai, sai ya dafe kai. "Ƙanwata, kin kashe mu tun kafin Magaji ya kashe mu! Da me za mu yi wasa?"

"Da bakinku mana. Ba da shi kuke taƙama ba?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya dubi dandamalin da ba komai a kai, ya daɗe yana kallo, can ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce a tara 'yan wasa, wasan tsohon za a yi, kuma ba kujera.

Ranar Asabar aka yaye labule, 'yan kallo suka ga dandamali fayau, 'yan wasa cikin kayansu na gida. Tsohon ya tsuguna a kan iska yana rantsuwa ba zai tashi daga kujerarsa ba, cinyoyinsa na rawa. Amarya ta yi ta juyi tana nuna rigar da babu. Ɓarawo ya saci fitilar da ba a gani, har yana ƙona yatsa. Sito ya kusa tsagewa da dariya, mutane na faɗowa daga benci. Da aka gama, Darakta ya fito ya faɗa musu gaskiya: ƙarshen shekara za a rufe wurin. Sannan aka buɗe ƙofa.

Masu shaguna suna tsaye a bakin ƙofofinsu kamar yadda suka saba. Jama'a suka fito suna ta maimaita dariya, suka bi ta gabansu, suka wuce. Ba wanda ya ce irin kaza. Idonsu bai ɗauko komai daga dandamali ba, to me za su nema? Suka sha shayi, suka shiga motoci, suka tafi garuruwansu.

Makon farko 'yan layi suka ce ai tsautsayi ne. Amma labarin wasan da ba kaya ya bazu, motoci suka riƙa zuwa a cike suna komawa ba ko ƙulli a bayansu. Tela ta shimfiɗa yadi ta riƙe almakashi ta rasa me za ta yanka, don shekara da shekaru Ara-Mini ce ke nuna mata da yatsa. Kekuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Matan ƙauye suka naɗe tabarminsu suka koma da su. Motar katako ba ta je bayan rafi ba, har masu yanka suka turo a tambaya ko lafiya. Wayar da Kafinta ke taƙama da ita kuwa tana ta ƙara, amma duk wanda ya kira tambaya ɗaya yake yi: "Maigida, me aka fito da shi a sabon wasan?" Sai ya yi ta inda-inda.

Mai shayi ne ya fasa musu ƙwan wata safiya, yana juya cokali. "Wannan fa sito yana buɗe ke nan, kaya ne kawai babu. Ranar da taya ta shiga, ni ma sai dai in dafa shayina in sha abina."

Kada a ɗauka Ara-Mini daɗi take ji. Ranar da ta ga matan ƙauye suna ɗaura tabarmi a ka za su koma, sai da ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Hannunta ma ƙaiƙayi yake yi in ta bi layi, dole ta riƙa goya shi a baya. Tela ta tare ta da wata riga mai aikin zare a wuya, ta ce, "Yaya, ɗan duba mini wannan." Ta duba, zuciyarta ta ce ɗauka, don rigar ta haɗu. Bakinta ya ce, "Ta yi kyau, Allah ya kawo kasuwa," ta wuce.

Wata safiya tana share ɗakin da ba abin sharewa, ta ji hayaniya a ƙofar sito. Ta leƙo. Kafinta ne da tumbinsa da babbar rigarsa, kujerar agwagwa a ka, gumi na zuba masa har gemu. Bayansa Tela da riga a hannu, mai walda da fitila, baduku, mai hoto, mai masauki, matan tabarma, har da masu yankan katako da suka taso tun daga bayan rafi. Kowa riƙe da abu.

Kafinta ya tsaya a gabanta yana haki. "Ara-Mini, don Allah ki ara."

"Ni ba na karɓar sadaka."

"Bakina ne ya yi ɓarna, ki yafe mini. A gaban mutane na faɗa, ga shi a gaban mutane na janye. Ba mu muka riƙe sito ba, shi ya riƙe mu. Ki karɓa, wuyana zai karye."

Ta so ta ja masa rai, amma ganin ƙaton mutum da kujera a ka yana rawar wuya ya sa dariya ta kusa ƙwace mata. Ta danne.

"In ara in kai ina? Ƙarshen shekara ya ƙarato. Ba ni ce matsalarku ba, ku nufi gidan Magaji. Kuma kada ka sauke kujerar nan sai mun isa."

Haka suka bi titi, ita a gaba silifas na fas-fas, shi a baya da kujera, jama'a na biye. Magaji ya fito ƙofar gida yana goge hannu, ya ga taro, ya tsorata, ya ɗauka wani ne ya mutu. Kafinta ya sauke kujerar ya yi magana, wannan karon ba kofi a hannunsa.

"Magaji, rufin sito namu ne. Katako nawa, walda ta wannan, kwano na 'yan layi gaba ɗaya. Haya kuma za mu cika maka duk wata yadda ba za ka cutu ba. Amma in taya ta shiga siton nan, ka shirya karɓar makullan shagunanka, don ba wanda zai taso daga wani gari ya zo kallon taya."

Wata tsohuwa cikin matan tabarma ta ce, "Ɗana, mu ba mu taɓa shiga mun kalli wasan ba ma, amma da shi muke dafa abinci."

Magaji ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu bai taɓa sanin suna da alaƙa da siton ba. Ya juyo wurinta. "Inna, ke ba ki ce komai ba."

"Ni ban iya magana a gaban taro ba, kowa ya sani. Abu ɗaya na iya." Ta gyara tsayuwa. "Magaji, ara mini siton."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango, da ya ɗago idonsa ya yi ja. "Haka kika ce wa Baba ranar da kika cire masa agogon bango. To yaushe za ki dawo mini da shi?"

"Litinin."

"Wace Litinin?"

"Wannan kuma ban faɗa ba."

"Je ki, Inna, na ara miki."

Kai, ranar layin nan ya ga murna! Tela ta rungume ta tana kuka tana dariya, direba ya danne ƙahon mota ya ƙi ɗagawa, mai shayi ya rantse ranar ba wanda zai biya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka san shi. Washegari aka hau rufi. Kafinta da kansa ya tuɓe babbar riga ya riƙe guduma, sai ga shi hannun bai manta ba. Ara-Mini ta kwashe bokitan yoyo ta mayar wa matar mai masauki, don su ma na aro ne.

Ranar da aka sake buɗewa, sito ya cika har tagogi. Kafin a fara, Kafinta ya zagayo bayan dandamali ya same ta tana goge kujerar.

"Na bar miki ita kyauta, har abada."

"A'a, aro dai. In ta zama tawa, wa zai zo nemanka?"

Sai ya sosa ƙeya ya koma wurin zamansa. Can Darakta ya ɗingiso ya kama hannunta. Ta yi turjiya, ya ce, "Ƙanwata, akwai maganar da kika riƙe mini tun kina yarinya. Yau za ki fito da ita." Kafin ta ankara ya yaye labule, ya tura ta gaba.

Ga kawuna nan sun cika sito kamar wancan karon. Dariyar nan ta taso mata daga ciki. Ta hango mijinta a bakin ƙofa yana riƙe da hula, da Auta cikin fararen kayan asibiti, da matan tabarma a bencin gaba, karon farko a rayuwarsu, da Magaji zaune inda mahaifinsa ya saba zama. Ta haɗiye dariyar. Ta dubi Magaji, ta nuna jama'a da hannu, ta ɗaga murya yadda na can baya zai ji.

"Maigida, baƙi sun iso!"

Tafin da aka yi sai da sabon kwanon ya amsa. Ita kuwa sai a lokacin ta saki dariyar, hawaye na bin kumatunta, ba wanda ya ja labule.

Ranar Litinin da hantsi aka ji fas-fas daga bakin sito. Kafin ta buɗe baki, masu shaguna sun fito bakin ƙofa, kowa da abu a hannu yana miƙo mata.